Amsa kan ƙanenka da ya buge mai kabu-kabu a Yamai

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce ƙanenka direban taksi ya buge mai kabu-kabu, mutumin ya karye a ƙafa, shi kuma yana komisariya tun jiya, kana tambaya ko ku nemi avoka yanzu ko ku jira kotu.

Kar ku jira wallahi. Dokar UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa) ta 2014 ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, kuma tsarewar ƴan sanda awa 48 ce, sai da izinin porokirer (mai gabatar da ƙara na gwamnati) ake ƙara ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne takardar PV, wato takardar da ƴan sanda ke rubuta bayanin wanda aka kama, mutane na sa hannu cikin firgici ba su san abin da aka rubuta da Faransanci ba, alhali ita alƙali zai karanta, to a fassara wa ƙanenka layi-layi, in akwai abin da bai faɗa ba ya ce a gyara kafin ya sa hannu.

Ku haɗa permi da kart-giriz da asiransi yau ɗin nan. In asiransin na da rai kamfanin ne zai biya diyyar wanda ya ji ciwo, amma ku sanar da su da wuri. Tunda ƙanenka ya tsaya bai gudu ba, wannan zai taimake shi sosai.

Ku je asibiti ku duba mutumin, hakkinsa ne, sai dai sulhun gida ba ya hana porokirer gurfanar da ƙanenka. In kuɗin avoka ya gagara ku tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali kan shari'a, a kotu.