Kwana uku daga Abuja zuwa Jos

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ku kwana uku da mota daga Abuja, ku hau dutse, ku kwana a ƙauye, ku kuma ga kufai da kayan tarihi. Ni dai Jos zan ce maka.

Ku fita da sassafe ta Keffi da Akwanga. Ku tsaya a magangarar ruwa ta Assop ku huta, sannan Riyom, inda duwatsu ke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. Rana ta biyu ta tsaunukan Shere ce, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku ɗauki rigar sanyi, don sanyin Filato da hunturu ba wasa ba ne.

Kufai sosai kam ba su da yawa a nan. Amma gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da sassaƙen yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da kwafin ganuwar Kano. Wannan kaɗai ya isa a zo.

Kwanan ƙauye kuwa, sai wurin wanda kuka sani, ku fara gaida mai gari. Don Allah kada magariba ta same ku a hanya.