Wai wane ne wannan Mortimore da ba a barinsa ya huta a ajin labarin ƙasa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara ta uku a sashen labarin ƙasa, wallahi duk lakcar da aka yi kan fari ko kwararowar hamada sai ka ji an ce Mortimore ya ce kaza, har malamin da ke duba furojat ɗina ya dawo min da shi wai ban karanta mutumin ba. Shi wane ne, kuma me ya gano haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya malaminka ya yi maka gata. Michael Mortimore Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1937, ya rasu a 2017. Ya zo Jami'ar Ahmadu Bello Zariya a 1962, ya koyar har 1979, daga nan ya koma Jami'ar Bayero Kano a matsayin farfesa har 1986. Fanninsa shi ne ɓangaren labarin ƙasa da ke kallon mutane, yadda suke zama da noma da neman abinci a wurin da suka tsinci kansu.

Abin da ya fara ɗaga sunansa binciken ƙauyukan kewayen Kano ne, wanda ya fito a 1965. A lokacin abin da masana da yawa suka riƙe, tun daga ra'ayin Malthus, wani tsohon masanin tattalin arziki ɗan Ingila, shi ne in mutane suka yi yawa dole ƙasa ta gaji ta mutu yunwa ta biyo baya. To shi sai ya tarar da wuri cike maƙil da jama'a, gona ɗaya ake nomawa kowace damina ba a barinta ta huta, amma ba ta mutu ba. Dalilin kuwa duk wanda ya tashi a karkara ya sani, takin awaki da tumaki ake kaiwa gona da rani, jakuna su shiga birni da itace su dawo da shara da toka, a haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, harawa ta koma wa dabbobi, dabbobin su ba da taki, ga ɗorawa da kuka da gawo an bar su tsaye a tsakiyar gona ba a sarewa. Kaga mu a wurinmu wannan ba labari ba ne, amma shi ya auna, ya ƙirga, ya rubuta yadda masu tsara manufofi ba za su iya kau da kai ba.

Ni a ganina inda ya fi burgewa shi ne haƙurinsa. Da aka yi babban farin nan na farkon shekarun 1970, ya ɗauki ƙauyen Dagaceri can arewa maso gabas kusa da iyakar Nijar ya riƙa komawa shekara bayan shekara har fiye da shekara goma, yana rubuta abin da gidaje ke yi in damina ta ƙi: wasu su tafi cin rani, wasu su tuƙa igiyar kaba su sayar, a sayar da akuya a sayi hatsi, a koma ga ganyayen daji. Wannan ne ya zama littafinsa Adapting to Drought na 1989, inda ya ce a bi maganar "hamada na cinye mu" a hankali, don sau da yawa ruwa ne ya yi ƙaranci, in ya dawo ƙasa kan farfaɗo.

Littafin da ya fi yin amo kuma ba kan Najeriya ba ne. More People, Less Erosion ne na 1994, da ya rubuta da Mary Tiffen da Francis Gichuki kan yankin Machakos a Kenya, inda tsakanin 1930 da 1990 jama'a suka ninka kusan sau biyar amma zaizayar ƙasa ta ragu saboda manoma sun yi ta gina matakala a jikin tuddai suna dasa itatuwa.

Amma fa kar ka haɗiye shi ɗungurungum. Masu suka sun ce Machakos na kusa da kasuwar Nairobi, ga kuɗin noman kofi ga na 'yan ci-rani, kuma ba kowane gida ne ya amfana ba, mai ƙaramar gona sau da yawa baya ya ci. Haka Kano ma ai birnin ne ke ba da kasuwa da shara. In ka kawo wannan a furojat ɗinka malamin zai san ka karanta da gaske.

Ka fara da na 1989 ɗin, sannan Working the Sahel na 1999 da ya rubuta da Bill Adams, shi ma kan ƙauyukan arewa ne kuma ya fi gajarta.