Abokan zamana makaɗan pank ne, sun ce in tallata musu waƙoƙinsu na farko

TAMBAYA: Slm Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Landan, muna haya gida ɗaya da wasu samari Turawa uku masu kiɗan pank, wato wani kiɗan Turawa mai ƙara da ihu da ake yi da jita, ba wani kamfani a bayansu su suke komai da kansu, yanzu za su saki waƙoƙinsu na farko guda huɗu a shafukan sauraron waƙa na Bandcamp da Spotify. Da yake na iya zane a kwamfuta na riga na yi musu bangon waƙoƙin sun ba ni fam 80, yanzu kuma suna so in riƙe musu shafin Instagram in yi fosta, ranar ƙaddamarwa kuma in tsaya bakin ƙofa ina sayar da tikiti, a wata mashaya za a yi. Wlh Malam babu batsa a waƙoƙin, tsadar haya ce da wariyar launin fata kawai suke zagi, kuma na ji ance Ibn Hazm ya halatta kiɗa. Ya halatta in ci gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ranar ta zo.

Kai hankalinka na kan kiɗa, ni kuma inda idona ya tsaya a wasiƙarka shi ne mashayar nan da ka ambata a gurguje kamar ba komai ba. Mai mashaya ba don Allah yake ba sababbin makaɗa ɗaki ba, giyar da za a sha a daren ita ce ribarsa, to duk wanda fostarka ta jawo, duk wanda ka yagar wa tikiti, kai ka kai shi gaban kanta. Wannan babu saɓani a kansa, kar ka je, kar ka yi fostar. Ga kuma turereniyar da ake yi gaban dandamali maza da mata a cakuɗe, ka fi ni sani.

Ban ƙaryata ka ba kan abin da suke faɗa. Tun da kiɗan nan ya ɓullo a Landan da New York wajen 1976 an san shi da ihu a kan masu mulki, har a 1978 makaɗansa sun shiga babban gangamin ƙin wariyar launin fata a Victoria Park nan garin da kake. Amma kyawun magana baya wanke wurin da ake faɗinta.

Sai batun Ibn Hazm, wanda samarinmu suka mayar garkuwa alhali yawanci ko littafinsa Muhalla ba su taɓa buɗewa ba. Eh ya faɗa, kuma babban malami ne, Allah ya jiƙansa. Hujjarsa ita ce hadisin Bukhari na mutanen da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa wai jerin masu ruwayarsa a yanke yake, saboda Bukhari cewa ya yi "Hishamu bin Ammar ya ce", bai ce ya ba ni labari ba. To ai Hishamu malamin Bukhari ne, ya zauna gabansa ya ji daga bakinsa, kuma ba a san Bukhari da ɓoye mai ruwaya ba. Ibnus Salah ya yi masa raddi a kan wannan, Ibn Hajar kuma ya bi hanyoyin hadisin ɗaya bayan ɗaya ya nuna a sadar yake wajen su Ɗabarani da Baihaƙi. Wasu sai su zille su ce ai haɗuwar abubuwan huɗu ce aka hana ba kowanne shi kaɗai ba, to in haka ne kenan zina ma sai an haɗa ta da ganga take zama haram? Ba mai faɗin haka. Mu nan da muka tashi da Risala mun san mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ce sauraron kayan wasa da waƙa bai halatta ba, rangwamen da malamanmu suka yi na ganga ne a biki. Kuma ko ka ce kai dai Ibn Hazm ka riƙe, shi da kansa ya ce wanda ya nufi taimako a kan saɓon Allah da sauraron waƙa fasiƙi ne, Gazali da ya sassauta ya cire kayan kiɗa masu tsirkiya saboda alamar mashaya ne, Ƙardawi ma ya sa sharaɗin kar a haɗa da giya. Jitar lantarki a cikin mashaya, faɗa min wanne daga cikinsu zai sa maka hannu.

Shafin Instagram ɗin ma ban ga ka riƙe ba, don aikinsa kenan kiran mutane zuwa ga waƙoƙin da wuraren wasan. Fam 80 da ka karɓa kuwa ka ci abinka, ka yi ne kana zaton akwai fatawa, kar dai ka ƙara.

Wani abin da baka tambaya ba. Bizar ɗalibi a Ingila bata yarda ka yi aikin kanka ana biyanka a hannu ba, aikin da aka ɗauke ka ne kawai, shi ma awa 20 a sati lokacin karatu. Iyayenka sun kashe kuɗi masu yawa, kar fosta ta jawo maka matsala da hukuma, ka je ofishin ɗalibai na makarantarku ka tambaya.

Kuma na lura a duk wasiƙar baka ambaci aboki Musulmi ko ɗaya ba, ina jin kaɗaici ne ya manna ka da yaran nan fiye da kuɗin. Ban ce ka yi gaba da su ba, maƙwabtanka ne suna da haƙƙi, ka ci gaba da gaisawa da su, in ka dafa shinkafa ka zuba musu, ka faɗa musu gaskiya cewa addininka ne ya hana ba ƙiyayya ba, mutanen da ke waƙar kowa ya tsaya kan ra'ayinsa ya kamata su gane. Ranar Juma'a in an idar kar ka yi saurin fita, ka tsaya ka san mutane, ka nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'arku, su ma kullum neman mai yi musu fosta suke.

Wallahu a'alam.