Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Damuwar Yau da Kullum da Shekarun Mutum

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne, shekaruna 21. Da jarrabawa ta matso sai gabana ya yi ta faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Ciwon zuciya ne? (Daga Runjin Sambo)

Amsa: Da wuya, ɗana. Sinadarin adirenalin, wanda jiki ke saki in an tsorata, shi ne ke tashi, kuma a shekarunka ba ya daɗewa yake sauka. Ka samu isasshen barci, ka rage shayin dare. In abin ya zo da suma ko ciwon ƙirji, ka je asibiti. Kada ka yarda wani aboki ya miƙa maka tiramadol.

Tambaya: Na haura 60. Cacar baki a kasuwa, wadda a da take hana ni barci, yanzu ko a jikina. Lafiya kuwa? (Daga Mabera)

Amsa: Lafiya lau, Baba, ka ga jiya ka ga yau. Amma ka riƙa zuwa awon jini.

Tambaya: Mahaifina shekarunsa 68. Tun da ruwa ya ci gonarsa bai ce uffan ba, sai ciwon kai da rashin barci. Maƙwabci ya sayo masa ƙwayar barci a kemis. Makon jiya bakinsa ya karkace na ɗan lokaci, aka ce iska ce, aka yi masa turare. (Wata 'ya daga Bodinga)

Amsa: 'Yata, ki kai shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Karkacewar baki da ta zo ta tafi, gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki, kuma babbar tana iya biyowa cikin 'yan kwanaki. Jini ne ya tsaya wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Turare ba ya buɗe jijiya.

Ki fahimci wani abu game da dattawa. Matashi in ransa ya ɓaci zai yi faɗa, jininsa ya hau, ya sauka. Dattijo ya fi shi iya haɗiye magana, sai a ce ya yi tawakkali. To, zuciya ta haƙura, amma jiki bai huce ba. Jijiyoyin jini suna ƙara tauri da shekaru, sinadarin damuwa da ake kira kotisol kuma yakan daɗe kafin ya sauka. Shi ya sa damuwar tsoho ke fitowa ta ciwon kai, farkawa tsakar dare, ƙin abinci da hawan jini. Ga kuma zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a bazara, tsoho kuwa ba ya saurin jin ƙishirwa.

Wannan ƙwayar barci ta kemis tana ƙona min rai. Irin su baliyam suna daɗewa a jikin tsoho, ya tashi alwalar asuba jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Ki tafi da kwalin, likita ya gani. In ya daɗe yana sha, kada a yanke masa farat ɗaya.

Ku nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. A auna jini, in yana kai 140/90 ko sama a fara magani, a duba suga. In hannu ya yi nauyi ko magana ta harɗe, ko da tsakar dare ne ku fita. Addu'a kam ku yi ta yi, amma kuna hanyar asibiti. Bayan nan ki zauna da shi ki ja shi da hira kan gonar. In ƙuncin ya ƙi wucewa, akwai likitoci a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, zuwa can ba hauka ba ne.