Mastar fim ko kyamara? Amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga Garwa ya rubuto: "Malam, na gama lisans a fannin adabi a Jami'ar Ngaundere, burina in zama darakta. Baba ya yarda zai ɗauki nauyin karatun shekara biyu. Na ji ana yin mastar a tarihin sinima da fasahar fim. In shiga?"

Ƙanena, Allah ya saka wa Baba da alheri, don ba kowane uba ne ke jin kalmar fim ya buɗe bakin aljihu ba. Amma kafin ka kai takardunka ko'ina, ka fara tambaya: mastar ɗin ta bincike ce ko ta sana'a? Duka biyun shekara biyu ne bayan lisans, wato digirin farko, sai dai hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Ta bincike karatu ce ta zama. Za ka kalli fim, ka tsayar, ka mayar baya, ka sake kallo, sannan ka rubuta dalilin da ya sa aka ajiye kyamara a ƙasa ba a sama ba, da abin da ya sa aka yanke hoto a nan. Za a faro maka tarihi daga nunin fim ɗin da 'yan'uwan nan biyu Lumière suka yi a Paris a 1895, a gangaro kan darakta Ousmane Sembène na Senegal, da bikin finafinan Afirka na FESPACO da aka soma a Wagadugu a 1969, inda Oumarou Ganda na Nijar ya ci babbar kyauta a 1972, namu na Kamaru Jean-Pierre Dikongué Pipa ya ci a 1976. A ƙarshe ka rubuta kundi ka kāre shi a gaban malamai. Mai wannan takarda yana iya wucewa digirin dokta, ya koyar, ya yi sharhin finafinai, ko ya yi aiki wurin shirya bukukuwan fim. Abin da ba za ta yi maka ba shi ne ta danƙa maka kyamara kullum. Ina jin ciwo in na ga yaro ya ƙare shekara biyu yana jiran ranar da za a fita ɗaukar hoto, alhali tun farko ba a yi masa wannan alkawari ba.

Tunda darakta kake so, ka karkata ga makarantar da ake aiki da hannu. Akwai makarantar koyon hoto da sauti da ake kira ISIS a Wagadugu, akwai cibiyar koyon fim ta ƙasa da ke Jos a Najeriya, a nan gida Kamaru kuma akwai makarantun fasaha na Fumban da Nkongsamba, ga sashen wasan kwaikwayo da sinima a Jami'ar Yawunde ta ɗaya. Kada ka yanke hukunci da takardar talla. Ka hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere, ka sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Birikiteri ta Yawunde, ka je da ƙafarka. Ka ce a nuna maka ɗakin kayan aiki, ka ƙirga kyamarori, ka ƙirga ɗalibai. Ka ja ɗan aji biyu gefe ka tambaye shi yaushe rabonsa da taɓa ɗaya daga cikinsu. Ka nemi ganin finafinan waɗanda suka gama bara. In aka fara yi maka kwana-kwana, ka samu amsarka. Rajista a jami'o'in gwamnati sefa dubu 50 ce a shekara ga karatun da aka saba, amma kwasa-kwasan sana'a da makarantu masu zaman kansu kuɗinsu ninkin-ba-ninkin ne, don haka a rubuta maka jimillar a takarda kafin Baba ya sayar da ko akuya.

In kuwa ka ji zuciyarka ta fi kwanciya da bincike, to ga gona nan ba a nome ba. Gidajen sinima uku da suka rage a Kamaru a lokacin an rufe su a farkon 2009, amma mu a arewa ba mu daina kallo ba. Gidajen kallo na zana da benci, finafinan Indiya, kaset-kaset ɗin Kano da suka riƙa tsallako iyaka tun shekarun 1990, yanzu kuma masu tura fim a waya a bakin kasuwa. Dattawan da suka riƙe waɗannan wurare suna nan da ransu, suna tsufa. Wanda ya zauna da su ya rubuta wannan tarihi, ni a wurina ya yi aikin da ya kai shirya fim.

Wata baiwar Allah daga Njamena ta ce: "Ina ɗaukar bidiyon biki da wayata, na tara sefa dubu 800. In sayi babbar kyamara ko in biya kuɗin makaranta?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kada ki zuba kuɗin duka a kyamara. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, ya tashi. Ki fara da makirfo mai kyau da ƙaramin rakoda, da ƙafar kyamara mai ƙarfi, da batura na ajiya saboda ɗaukewar wuta, da faifan ajiya guda biyu. Biyu na ce. Na taɓa yin mako uku ina hira da masunta a bakin kogin Binuwai, komai na cikin faifai ɗaya. Wata safiya na jona shi, sai ya yi ƙas-ƙas-ƙas sau uku ya yi shiru. Biyu daga cikin tsofaffin da na ɗauka sun rasu kafin in koma.

Abin da ya rage ki nemi kyamara ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, mai lafiya. Ki buɗe ta a gaban mai sayarwa, ki ɗauki farin bango ki duba ko ƙura ta zauna a ciki, ki bar ta tana ɗauka rabin awa ki ga ko za ta yi zafi ta mutu, don kin san rana a Njamena cikin watan Afrilu. Makaranta kuma ba ta wuce ki ba. Daraktan nan na Chadi Mahamat-Saleh Haroun ɗan Abeshe ya yi karatun fim a Paris, ya yi aikin jarida, da gajerun finafinai ya fara kafin ya kai ga kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010. Ki shirya gajeren fim na minti goma, ki tura bikin finafinai na Écrans Noirs da ake yi a Yawunde. Makarantu da masu ba da tallafin karatu sukan nemi ganin irin wannan aiki a cikin takardun mai nema.

Daga Marwa wani ya tambaya: "Ina so in yi bincike kan finafinan Hausa. Kano ko Yawunde?"

Ɗan'uwa, Kano. Masana'antar tana can, kuma a Jami'ar Bayero Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu a kanta. Sai dai da Ingilishi za ka rubuta kundinka, saboda haka ka gyara Ingilishinka tun yanzu. In kana da niyyar dawowa ka koyar a Jami'ar Marwa ko Garwa, ka tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi yadda ake daidaita takardar waje da ta gida kafin ka tafi, kuma ka adana kowace takardar sakamako ta kowane zango, don za a neme su.