Wace na'urar gano matsalar mota zan saya wa garejina?

Ɗan'uwa, ka ce garejinka ƙarami ne a Marua, kana neman na'urar da ba za ta cinye maka jari ba. To, ni a Garwa nake aikin nan, ga abin da na gani.

Fara duba motocin da ke shigo maka. Mu nan galibi Toyota ce, Corolla da Hilux, tsofaffin Turai da suka biyo ta Duwala. Motar fetur ta Turai daga 2001, ta gas daga 2004, tana da soket ɗin OBD2 mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wato inda ake jona na'urar. Wadda ta girmi haka wataƙila sai da adafta, ka tambayi mai sayarwa kafin ka biya.

Ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya tana da araha, amma galibi inji kawai take karantawa. ABS (tsarin hana birki kulle taya) da jakar iska ba ta kai musu. In kana da hali, ka haƙura ka tara kuɗi ka ɗauki na'urar kamfanin Launch ko Autel, ka kuma tambayi kuɗin sabunta manhajarta na shekara, don nan ne mutane ke ƙonewa.

Wallahi kada ka yarda lambar matsala da na'ura ta nuna ta yi maka tunani. Wata Corolla ta nuna mini P0171 (lambar da ke cewa iska ta fi mai yawa a inji), na kusa canza firikwensin iska, ashe zuwa-zuwa ce, wato fetur ɗin bumburutu, mai datti ta toshe matatar mai. Na canza matata, fitilar gargaɗin inji ta mutu, mai mota ya tafi yana sa albarka.