Tambaya da Amsa: Tablet ɗina ya ƙi magana da kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ina da ɗan situdiyo a Agege ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a kwamfuta, na sa manhajar TouchOSC a tablet ɗina don in riƙa ja da sauke murya da yatsa in huta da mawus, ranar farko ya yi aiki tsaf, washegari aka ɗauke wuta muka tada janareta, tun daga nan ko na taɓa tablet ɗin babu abin da ke motsi a kwamfuta. Tablet ɗin ne ya lalace ko yaya? Mai karatu daga Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, tablet ɗinka lafiya lau yake, kar ka kwashe shi zuwa Computer Village a Ikeja a caje ka kuɗin gyaran abin da bai ɓaci ba.

Fara da gane wannan, tablet ɗin ba sauti yake turawa ba, umarni yake turawa, irin "ƙara wannan, rage wancan". Yaren da ake wannan magana da shi sunansa MIDI, tun 1983 ake amfani da shi, yana da tasha 16 kuma kowane maɓalli yana tafiya daga 0 zuwa 127. To umarnin nan sai ya san gidan da zai je, gidan kuwa shi ne lambar IP ta kwamfutarka, irin wadda ke farawa da 192.168. Matsalar ita ce rauta, wato na'urar da ke ba da wayfai, ita ce ke raba lambobin nan, kuma duk lokacin da ta mutu ta sake tashi tana iya ba kwamfutarka wata lambar daban, shi kuma tablet yana nan yana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa ba kowa a ciki. Mu da muke Legas da wuta ke zuwa tana tafiya a rana ɗaya, wallahi wannan yana cikin abubuwan da ke damun masu situdiyo, kuma yana ba ni takaici in ga yaro mai basira ya bar aiki kwana biyu a kan lamba.

Ga abin yi. Tabbatar tablet da kwamfuta suna kan wayfai ɗaya, ba ɗaya a rauta ɗaya a datar waya ba. Sannan a Windows ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig, lambar da ka gani a gaban IPv4 ita za ka sa a wajen haɗi na TouchOSC. Ka duba kuma ƙaramar manhajar nan TouchOSC Bridge tana kunne a kwamfutar, don ita ce gadar da ke karɓar saƙon ta miƙa wa FL Studio, kuma sau da yawa bayan kwamfuta ta mutu ba zato mutum yakan manta bai sake kunna ta ba. In duk ka yi haka shiru, to fayawol ɗin Windows ne, wato mai gadin da ke tantance saƙonnin da ke shiga kwamfuta, ya tare hanya, ka shiga ka ba Bridge izini.

Daga nan ka danna F10 a FL Studio, a ƙarƙashin Input ka zaɓi TouchOSC Bridge ka kunna Enable. Sai ka danna ɓangaren dama na mawus a kan maɓallin FL Studio da kake so, ka zaɓi Link to controller, ka motsa yatsanka a tablet, shi ke nan sun ɗaure.

Shawarata ta gaskiya dai, ka shiga saitin rauta ka ɗaure wa kwamfutarka lamba ɗaya da ba ta canzawa, ko kuma ka haɗa su da kebul na USB kawai, ni shi na fi so a unguwa mai cunkoso irin Agege inda wayfai na maƙwabta ke cin karo da juna har umarni ya riƙa makara. Kuma fa haɗin nan ba ya buƙatar intanet, ko datarka ta ƙare zai yi aiki muddin rautar na kunne, don haka ka sa mata ɗan fawabanki ko UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, kar ta riƙa mutuwa kafin janareta ya tashi.